Yadda Ake Gwada Ko Bairos Na Bin Siraran Bututai Daga Sel Zuwa Sel

Abin da aka saba koyarwa game da yaɗuwar bairos a jiki shi ne ya shiga ƙwayar halitta, wadda masu ɗakin gwaji ke kira sel, ya hayayyafa a ciki, 'ya'yansa su fito cikin ruwan da ke kewaye, su yi ta yawo har su kama wani sel ɗin. A wannan filin da ke tsakani ne antibodi, furotin ɗin da garkuwar jiki ke yi don kama baƙin ƙwayoyi, ke tare su. Sai dai akwai bairos da ke ci gaba da yaɗuwa a farantin gwaji ko da an cika ruwan da antibodin da ke kashe kaifinsa. Ɗaya daga cikin hanyoyin da ake zargi ita ce wasu siraran bututai da sel ke miƙa wa maƙwabcinsa, waɗanda ake kira "tunneling nanotubes" da Turanci, ake kuma taƙaita sunansu da TNT.

A 2004 ne Amin Rustom da Hans-Hermann Gerdes da abokan aikinsu a Jami'ar Heidelberg ta Jamus suka bayyana su a mujallar Science. Sun gan su a sel na ɓera da ake kira PC12, faɗinsu nanomita 50 zuwa 200, wato silin gashin kai ya ninka su kauri sau ɗaruruwa, tsawonsu kuwa yakan ninka faɗin sel ɗin kansa. A 2008 ɗakin gwajin Daniel Davis da ke Imperial College a Landan ya nuna HIV na bin irin waɗannan zaruruwa tsakanin sel na garkuwar jiki masu suna T. A 2015 ƙungiyar Robert Lamb a Amurka ta nuna bairos ɗin mura na Influenza A yana kai wa maƙwabta ta mahaɗa masu ɗauke da aktin, furotin mai kama da zare da ke ba sel siffarsa. A 2022 ɗakin gwajin Chiara Zurzolo a Cibiyar Pasteur ta Faris ya ba da rahoton SARS-CoV-2, bairos ɗin cutar korona, a cikin bututan da kuma a kan bayansu. An samu makamancin haka a bairos na dabbobi, kamar PRRSV na aladu da herpes na shanu.

Ganin zare tsakanin sel biyu a maikuroskof abu ne mai sauƙi, kuma shi ne ya jefa bincike da dama cikin rami. Wahalar tana wajen tabbatar da cewa ta zaren bairos ɗin ya bi. Kusan duk matakan da ke ƙasa aikinsu rufe sauran ƙofofi ne ɗaya bayan ɗaya.

Me za a kira TNT, me kuma ba za a kira ba

Har yanzu babu wani furotin guda da za a rina a ce duk inda ya haska TNT ne. Da siffa ake gane su. Zaren ya haɗa sel biyu ko fiye, ya kasance yana rataye a cikin ruwa kamar igiyar shanya ba tare da ya kwanta a gindin faranti ba, kuma akwai zaren aktin a cikinsa. Idan ya cika waɗannan amma ba a nuna wani kaya ya ratsa ta cikinsa ba, masu taka-tsantsan kan kira shi "mai kama da TNT" kawai.

Masu yi musu sojan gona suna da yawa. Akwai filofodiya, 'yan yatsun da sel ke miƙawa yana lalube, waɗanda ke manne da gilashi kuma galibi ba sa kai wa kowa. Akwai zaruruwan da sel ke bari a baya idan ya ja jiki ya matsa, su ma a ƙasa suke. Wanda ya fi yaudara shi ne gadar da ke saura tsakanin sel biyu da suka gama rabuwa: tana rataye, tana haɗa sel biyu, amma cike take da maikurotubul, wasu zaruruwan cikin sel da suka fi aktin kauri, kuma tana da ɗan kumburi a tsakiya. Duk zaren da ka gani da ƙulli a tsakiyarsa tsakanin sel biyu masu girma ɗaya, ka zarge shi.

Su kansu bututan ba iri ɗaya ba ne. A makurofaj, sel ɗin da ke haɗiye ƙwayoyin cuta, ƙungiyar Davis ta raba su biyu a 2006: sirara da ba su kai maikuromita 0.7 ba, masu aktin kaɗai, da masu kauri da suka wuce haka, masu aktin da maikurotubul. Wasu buɗe suke ta kowane ɓangare, wasu kuma bakinsu a toshe yake. Na sel T da aka gani a 2008 toshe suke, shi ya sa HIV ɗin ya buƙaci mashigarsa ta CD4, furotin da ke bayan sel T, kafin ya shiga. A 2019 hotunan maikuroskof na lantarki daga Pasteur sun nuna abin da ake ɗauka bututu guda a sel na jijiya sau da yawa dami ne na ƙananan bututai da aka ɗaure wuri ɗaya.

Mataki na 1: zaɓen sel da bairos

Tsari mafi ƙarfi shi ne a samu sel iri biyu, mai bayarwa da bairos ke kamawa cikin sauƙi, da mai karɓa da bairos ba ya iya kamawa idan ya zo ta ruwa. Haka aka yi a aikin SARS-CoV-2: Vero E6 na ƙodar biri ne mai bayarwa, SH-SY5Y na jijiyar mutum ne mai karɓa. Da aka zuba wa SH-SY5Y bairos kai tsaye bai kamu ba, da aka raine shi tare da Vero E6 mai ɗauke da cutar sai aka samu bairos a cikinsa. Kafin komai, ka tabbatar da wannan rashin kamuwar a hannunka, da naka sel ɗin, domin sel da aka daɗe ana rainonsa yakan sauya hali.

Idan babu irin wannan haɗin, ana iya amfani da sel iri ɗaya, kamar MDCK na ƙodar kare da nau'in mura na ɗakin gwaji, amma nauyin hujja zai koma kan mataki na 4.

Matakin tsaron ɗakin gwaji ya dace da bairos ɗin, da izinin kwamitin tsaro na cibiyar. Kuma kada a fara da bairos. A shafe makonni biyu ko uku ana koyon kafewa, wato tsayar da siffar sel da sinadari, da ɗaukar hoto da sel masu lafiya, domin wanda hannunsa bai iya riƙe bututan ba tare da bairos ba, sanye da safar hannu biyu a cikin kabad ɗin tsaro ba zai iya ba.

Mataki na 2: bambanta mai bayarwa da mai karɓa

Dole kowane sel a hoto a san daga wane ɓangare ya fito. Mai karɓa ya fi kyau a sa masa alama ta dindindin, kamar H2B-GFP da ke sa cibiyar sel ta yi haske kore. Alamar cibiya ba ta zuba, ba ta kuma ƙaura zuwa maƙwabci. Mai bayarwa kuwa, a gwajin share fage ana rina shi da DiD ko DiI, rinin da ke shiga tantanin sel sannan ya koma cikin ƙananan jakunkunan da ke yawo a ciki. Minti 20 zuwa 30 a zafin digiri 37 na ma'aunin Celsius ya isa. A wanke sau uku, a bar shi ya huta a sabon ruwan raino kafin a haɗa.

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne ragowar rini. DiD ba ya narkewa sosai a ruwa, yakan dunƙule, dunƙulen ya faɗa kan mai karɓa, a ƙirga shi a matsayin kayan da aka miƙa. A guji kuma ƙananan rinai irin su kalsin wajen auna wucewar kaya, domin suna ratsa ƙananan ƙofofin da ke tsakanin sel masu manne da juna ba tare da wani bututu ba.

Mataki na 3: harbi da shuka

A harbi masu bayarwa su kaɗai a wani faranti dabam. Awa ɗaya a zafi 37 bairos ya manne ya shiga, sannan a kwashe ruwan a wanke sosai. Ga bairos masu tantani kamar herpes, wankin minti ɗaya da ruwan sitiret mai tsami na pH 3 yana kashe waɗanda suka manne a waje ba su shiga ba. Idan aka tsallake wannan, bairos ɗin da ka zuba da hannunka ne zai bi mai bayarwa ya kama mai karɓa, ka ɗauka sabon haihuwa ne.

Sai a ɗaga masu bayarwa, a haɗa su da masu karɓa ɗaya bisa ɗaya, a shuka a faranti mai faɗin milimita 35 mai gindin gilashi na kauri milimita 0.17. A tace sel ɗin ta matacin maikuromita 40 idan suna dunƙulewa.

Yawan sel shi ke yanke hukunci fiye da yadda ake zato. Idan sun yi nisa da juna, bututai ba sa samuwa. Idan sun cika faranti sun manne, ba a ganin bututan, kuma duk wata hanyar haɗuwa kai tsaye ta buɗe. Abin nema shi ne sel su rufe kusan rabi zuwa kashi biyu cikin uku na gindin faranti a lokacin kafewa. Tunda girman sel ya bambanta, a gwada yawa uku, misali 100,000 da 200,000 da 400,000 a faranti guda, a zaɓi ɗaya, a tsaya a kansa har ƙarshen binciken. Sa'o'i 16 zuwa 24 na zama tare shi ne abin da aka fi amfani da shi. Inda wutar lantarki ke ɗaukewa, inkubeta ya kasance a kan batir ko janareta mai tashi da kansa. Wahala na sa sel su sauya yawan bututan da suke yi, don haka farantin da ya sha sanyi cikin dare ba a haɗa sakamakonsa da sauran.

Mataki na 4: toshe hanyar ruwa

Nan ne zuciyar gwajin. Hanya ta farko ita ce antibodi mai kashe kaifin bairos. A fara auna shi shi kaɗai: a haɗa shi da bairos a matakai daban-daban na tsinkawa, a nemo adadin da ke hana kamuwa ta ruwa kusan gaba ɗaya, sannan a yi amfani da abin da ya ɗara haka. A zuba shi tun daga lokacin haɗa sel, a ƙara idan gwajin zai wuce kwana ɗaya.

Ga mura akwai dabaru biyu. Zanamibir yana hana sabbin bairos ɓallewa daga jikin sel, kuma da irinsa aka nuna yaɗuwa zuwa maƙwabta ba ta tsaya ba. Amma a lura, bairos ɗin yana nan manne a bayan sel, don haka maƙwabcin da ke gogar jikinsa zai iya ɗauka. Dabara ta biyu ita ce hana tirifsin a ruwan raino, domin yawancin nau'o'in ɗakin gwaji sai tirifsin ya yanka musu furotin HA da ke bayan bairos kafin 'ya'yansu su iya kama wani sel. Haɗa biyun ya fi kowanne shi kaɗai. Shimfiɗa metilselulos mai kauri a kan sel kuwa rage tafiyar bairos kawai yake yi, ba ya hana shi isa ga na kusa.

Kowane gwaji ya tafi da farantan kwatance guda uku:

Na ɗaya, ruwan masu bayarwa. A raini masu bayarwa su kaɗai na tsawon lokaci ɗaya, a kwashe ruwansu, a juya shi a injin tacewa a hankali don cire tarkacen sel, a zuba wa masu karɓa. Duk abin da ya bayyana a nan ta ruwa ya zo, ko bairos ne ko ƙananan jakunkunan da sel ke fitarwa.

Na biyu, rabawa da mataci mai huda maikuromita 0.4. Masu bayarwa a sama, masu karɓa a ƙasa. Bairos ɗin mura da HIV da SARS-CoV-2 duk kusan nanomita 100 suke, suna wucewa, sel ba ya wucewa. Masu karɓa su kasance a gindin rijiyar, kada a shuka su a bayan matacin, domin siririn zare na iya kutsawa ta huda ya taɓa abin da ke manne a ɗaya gefen.

Na uku, haɗin minti sifili. A haɗa ɓangarorin biyu a kafe su nan take. Wannan ke nuna yawan kuskuren na'ura da na ido.

Idan kamuwar da aka samu a haɗe ta zarce ta waɗannan ukun da nisa, abin da aka nuna shi ne yaɗuwa mai buƙatar taɓa juna. Ba a kai ga bututu ba tukuna. HIV da wani bairos mai suna HTLV-1 suna da wata hanyar inda sel biyu ke manne fuska da fuska a miƙa bairos ta ɗan tsukin da ke tsakani. SARS-CoV-2 da ƙyanda da HIV kuma suna narkar da sel su haɗe su zama ƙato guda mai cibiyoyi da yawa. Duk sel ɗin da ka gani da cibiya kore da wata marar launi a jiki ɗaya, haɗewa ce, a cire shi daga lissafi.

Mataki na 5: kafewa

Yawancin masu cewa sel ɗinsu ba sa yin TNT, a wannan mataki suka tsinka su. Bututun yana rataye ne ba abin da ya tallafe shi, don haka girgiza faranti, ko feshin fifet, ɗan bututun zuƙa da zuba ruwa, ko saukar zafi, duk suna iya yanka shi.

Hanyar da ɗakin gwajin Zurzolo ya yaɗa tana da zango biyu. Ruwa na farko: farafomaldehaid kashi 2 cikin ɗari, gulutaraldehaid kashi 0.05, da HEPES mola 0.2, a cikin ruwan gishirin da ake kira PBS. Ruwa na biyu: farafomaldehaid kashi 4 da HEPES mola 0.2, babu gulutaraldehaid. Kowanne minti 15 zuwa 20, kuma a ɗumama su zuwa 37 kafin a zuba. Ɗan gulutaraldehaid ɗin shi ke ɗaure siraran zaruruwa da sauri. Idan aka ƙara shi da yawa, sel zai riƙa haske da kansa, wasu antibodi kuma su daina kama abin da suke nema.

Yadda hannu ke aiki ya kai sinadaran muhimmanci. A ɗauko faranti daga inkubeta ba tare da karkata shi ba. Kada a wanke da PBS mai sanyi kafin kafewa. A zuƙe ruwa daga gefe da fifet na hannu, ban da injin zuƙa, a bar ɗan kaɗan ya rufe sel. A zuba sabo ɗigo-ɗigo a jikin bangon faranti. Bayan an gama, amoniyom kulorayid milimola 50 na minti 10 zuwa 15 yana kashe ragowar aldehaid. Metanol ba shi da wuri a wannan aiki, yana lalata siffar aktin har rinin faloidin ya kasa kama shi. Idan da bairos mai haɗari ake aiki, tsawon kafewar ya cika ƙa'idar kashe bairos da cibiyar ta tabbatar kafin faranti ya fita daga ɗakin tsaro.

Mataki na 6: rini, da raba na ciki da na waje

WGA mai ɗauke da launi yana kama sukarin da ke bayan tantanin sel, shi ke fito da zaren fili. A sa shi kafin a huda tantani, in ba haka ba zai shiga ciki ya haska Golgi, wani sashe na cikin sel, ya dushe abin da ake nema. Sannan a huda a hankali, da safonin ko Triton X-100 kashi 0.1 na 'yan mintoci. Sai faloidin don aktin, antibodin tubulin, furotin ɗin maikurotubul, don gane masu kauri da gadojin rabuwa, da antibodin furotin ɗin bairos.

Tambayar da kan kuɓuce wa mutane ita ce ko bairos ɗin a cikin bututun yake ko a kan bayansa yake tafiya. Ɗakin gwajin Walther Mothes a Jami'ar Yale ya nuna a 2007 cewa bairos ɗin sankarar jini na ɓera yana hawa bayan siraran gadoji ne yana zamewa zuwa ga sel na gaba. Wanda ke waje antibodi na iya cim masa, wanda ke ciki ya ɓuya. Maikuroskof na haske ba ya raba abubuwa biyu da tazararsu ba ta kai kusan nanomita 200 ba, don haka ido ba zai warware wannan ba. Dabarar ita ce rini zango biyu: kafin huda tantani a sa antibodin furotin ɗin bayan bairos da launi ɗaya, a wanke, a huda, a sake sa shi da wani launi. Ɗigon da ya ɗauki launi biyu a waje yake, mai launi na biyu kaɗai a ciki. Tabbaci na ƙarshe sai da maikuroskof na lantarki a kan samfurin da aka daskarar.

Wani lokaci ma ba cikakken bairos ne ke wucewa ba. A mura, abin da aka gani a cikin mahaɗan shi ne ƙunshin ƙwayoyin gadon bairos da furotin ɗin da ke naɗe da shi. Wanda ya rina furotin na waje kaɗai zai ce babu komai. A rina na ciki, kamar NP, tare da shi.

Mataki na 7: hoto da ƙirga

Hoto guda na shimfiɗe ba ya nuna ko zare na rataye. Ana buƙatar maikuroskof na konfokal, mai ɗaukar hoto hawa-hawa, da gilashin mai na ninki 60 ko 63, a ɗauki yanka-yanka daga gindin gilashi har saman sel, tazarar maikuromita 0.3 zuwa 0.5. A buɗe su a manhajar Fiji ko Icy, a bi kowane zare daga ƙasa zuwa sama. Wanda ya bayyana a yankan farko tare da ƙafafun sel, a ƙasa yake, a watsar. Wanda sai an hau sama ya fito, kuma aka bi shi daga wannan sel zuwa wancan ba yankewa, shi ake ƙirgawa.

A ba da sakamako a matsayin kason sel da ke da aƙalla haɗi ɗaya, a ware haɗin mai bayarwa da mai karɓa daga na 'yan gida ɗaya. A zaɓi wuraren ɗaukar hoto ta kallon cibiyoyi kawai, kafin a kunna launin da ke nuna zaren, domin ido na son inda ya ga abin da yake nema. Mai ƙirga kada ya san wane faranti ne wane, wani ya sauya sunayen fayil ɗin. A maimaita gwajin aƙalla sau uku a ranaku dabam da sel na shuka dabam. Hotuna talatin daga faranti guda, gwaji ɗaya ne.

Idan da na'urar ƙirga sel ta leza za a auna kamuwa, babban abokin gaba shi ne sel biyu da suka manne suka wuce a matsayin ɗaya: kore daga mai karɓa, alamar bairos daga mai bayarwa. A ɗaga su da EDTA, sinadarin da ke raba sel masu manne, a tace, a ware guda-guda a lissafi, a kuma duba abin da haɗin minti sifili ya bayar.

Hoton sel masu rai ya fi komai gamsarwa, ganin ɗigo ya bar wannan sel ya bi zare ya shiga wancan. Yana buƙatar ɗaki mai zafi 37 da iskar kabon dayoksaid kashi 5 a kan maikuroskof, da leza a mafi ƙarancin ƙarfi. Tun rahoton 2004 aka lura haske mai yawa na sa bututan rawa su tsinke.

Mataki na 8: shin mai karɓa ya kamu da gaske

Samun furotin ɗin bairos a cikin mai karɓa bai nuna cuta ta kama shi ba, wataƙila tarkace ya haɗiya. A nemi alamar hayayyafa. Ga bairos irin su korona, antibodin J2 yana kama RNA mai igiya biyu da ke samuwa lokacin kwafi. Ana iya neman furotin da ba ya cikin ƙwayar bairos sai a sel da ya kamu, ko amfani da bairos mai sa sel haske idan ya fara aiki, muddin hasken ba daga mai bayarwa ya kwararo ba. Mafi ƙarfi shi ne a ware masu karɓa su kaɗai da na'ura, a sake rainonsu, a ga ko RNA ɗin bairos na ƙaruwa da lokaci ko suna fitar da sabbin da za su kama wasu. Maganin da ke hana kwafi, kamar remdesibir ga korona, idan aka sa shi a lokacin haɗawa, yana taimakawa: alamar da ta saura duk da an sa maganin, kayan da aka miƙo ne, wadda ta ɓace ita ce sabuwar haihuwa.

Mataki na 9: tsinka bututan a ga abin da zai faru

Hujja ta ƙarshe ita ce a rage bututan a ga yaɗuwa ta ragu, ko a ƙara su a ga ta ƙaru. Latirunkulin da saitokalasin suna rushe aktin, nokodazol yana rushe maikurotubul. Matsalar ita ce aktin na cikin kusan duk abin da sel ke yi, har da haɗiye bairos da fitar da shi. Wanda ya zuba maganin da yawa ya ga yaɗuwa ta tsaya, bai nuna komai ba sai cewa sel marar lafiya ba ya aiki. A nemo mafi ƙarancin adadin da ke rage bututai ba tare da sel ya sauya siffa ba, a kuma auna abubuwa biyu a gefe: yawan bairos da masu bayarwa ke fitarwa cikin ruwa, da yadda bairos na ruwa ke shiga sel mai kamuwa. Idan waɗannan ma sun faɗi, sakamakon ba ya fassaruwa.

Rage wani furotin guda ya fi tsabta. M-Sec yana da hannu a samuwar bututai a makurofaj, kuma an nuna furotin Nef na HIV yana bi ta kansa wajen ƙara su. Miyosin 10 yana ƙara su a sel na jijiya. Amma abin da ya yi aiki a wani nau'in sel sau da yawa ba ya yi a wani, sai an gwada.

Misali mai kyau na ƙara yawan bututai ya fito daga Tulus a Faransa a 2019. Masu binciken sun nuna ruwan da aka samo daga makurofaj masu ɗauke da ƙwayar tarin fuka yana sa wasu makurofaj su yawaita bututai ta hanyar furotin biyu masu isar da saƙo, IL-10 da STAT3, HIV kuma ya ƙara yaɗuwa a cikinsu, da aka hana bututan sai ƙarin ya ragu. Ga ƙasa irin Najeriya, wadda ke cikin jerin Hukumar Lafiya ta Duniya na masu nauyin tarin fuka haɗe da HIV, wannan layin bincike ya cancanci a bi shi.

Abin da za a iya rubutawa a rahoto

Kalmomin rahoto su tsaya inda hujja ta tsaya. Wanda ya kai mataki na 4 ya ce yaɗuwa mai buƙatar taɓa juna wadda antibodi bai hana ba. Wanda ya ƙara da 6 da 7 ya ce an ga kayan bairos a zaruruwa masu kama da TNT. Sai wanda ya haɗa da 8 da 9 ne zai ce bututan na ba da gudummawa ga yaɗuwa, kuma a wannan nau'in sel, a faranti. An ga zaruruwa irin waɗannan a jikin dabba mai rai, a tantanin gaban idon ɓera a 2008 da kuma tsakanin sel da ke naɗe da ƙananan jijiyoyin jinin bayan ido a 2020, amma a cikin nama mai cunkoso bin zare mai faɗin nanomita 100 daga farkonsa zuwa ƙarshensa aiki ne mai wuyar gaske. A ɓangaren hanyoyin aiki a rubuta yawan sel da aka shuka, lambar zuriyar sel ɗin, sinadaran kafewa da zafinsu, tazarar yankan hoto, da ƙa'idar da aka bi wajen karɓa ko watsar da zare, domin da waɗannan ne wani ɗakin gwaji zai iya maimaita aikin.